Babban Zubi Sau Biyu

Lahadi, 28 ga Mayu

Mutum ashirin da uku yau a kulob, tebur uku. Sanyi ya shigo sosai, Trish mai sayar da abin sha ta kunna mana hita a ɗakin baya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da kartar Lahadi ta garin nan, shida tare da mijina Ron, biyar ni kaɗai tun da ya rasu, amma har yau sai an sami wanda zai tambaye ni abin da na faɗa sau dubu.

Yau wani baƙo ne, cikin masu zuwa tsinkar lemo. An cinye wa na kusa da shi kwandaloli ya tashi, sai na ajiye ɗan faifan katako na rabo a gaban kujerar da ya bari. Baƙon ya kai hannu zai matsar. Na ce ajiye, ba a taɓa min faifai. Sannan na yi masa karatun da Ron ya yi min: faifai yana nuna wanda rabo ke kansa, na hagunsa ya yi ƙaramin zubi, na gaba da shi ya yi babban zubi, tun kafin kowa ya ga katinsa, kowane zagaye kuma a matsa kujera ɗaya. In an fitar da mutum, babban zubi ake bi, ba faifai ba. Ba mai tsallake shi, ba mai yin sa sau biyu a jere. Faifai kuwa in ya faɗa kan kujerar da ba kowa, ya sha zamansa can.

Ƙawata Voula ta ɗago daga wancan tebur ta ce masa, "Bawan Allah, kar ka ja da Alƙaliya. Mijinta kaɗai ya taɓa ja da ita, ga shi can a maƙabarta yana hutawa." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don ita kaɗai ke da ikon faɗin wannan.

Mako mai zuwa ne wasan ƙarshe na zangon nan. Wanda ya ci zai sami kujera a babbar gasar Adelaide a watan Agusta. Ba kuɗi muke sawa ba, kwandalolin roba ne, amma in ka ga yadda tsofaffin nan ke zare ido sai ka ce gonakinsu suka ajiye a tebur.

Na dawo gida ƙarfe biyar da rabi. Na goge faifan na mayar da shi aljihun jaka. Ron ne ya yanko shi daga wani tsohon itacen bakin kogi, ya yi ta gogawa har ya yi santsi. Miyar jiya na ɗumama.

Laraba, 31 ga Mayu

Voula ta zo shan shayi kamar kowace Laraba, da burodinta mai alayyafo da cuku. Ta ajiye mota a karkace, taya ɗaya a kan furannina.

Likita ya ce mata ciwon ya kama ɗaya idon nata ma. Tsakiyar abu ce ba ta gani, sai gefe-gefe. Ta ce fuskata yanzu kunnuwa biyu ce da gashi. Na ce ba ta yi asarar komai ba.

Ta sa na sake rantse mata. "Ko Manoli kar ya ji, Glenys. In ɗan nan nawa ya ji, zai karɓe makullin mota, in zauna a gona kilomita goma sha huɗu da gari ina hira da itatuwan lemo." Na ce ai na rantse tun watan Fabrairu, ko so take in sa hannu a takarda?

Tun lokacin nake faɗar katunan da ake buɗewa a tsakiyar tebur da ƙarfi in ina rabo. Mutane sun ɗauka sabon iyayi na tsiro da shi. Su ɗauka. Ita kuma takan kai katinta gefen ido ta leƙa, ana cewa salon wasanta ne.

Ta ce bana ce ta ƙarshenta a karta, ta sani. In ta ci, ni zan tuƙa mu zuwa Adelaide, mu kama ɗaki a bakin teku, mu ci kifi da dankali a takarda. Shekara arba'in tana tsinkar lemo, ba ta taɓa kwana a otal ba.

In ban da Voula ba mai shigowa gidan nan. Mai karanta mita ma daga waje yake tsayawa.

Lahadi, 4 ga Yuni

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban huce ba, don gobe kar wani ya juya zancen.

Tebur na ƙarshe ni ke rabo, kamar kullum. Aka rage su uku: Dezzy mai gyaran famfo da faifai a gabansa, Merv Schulz a ƙaramin zubi, Voula a babba. Dezzy ya tura duk abin da yake da shi, Voula ta janye, Merv ya bi shi ya cinye. Saura biyu. Na tura faifai hagu, gaban Merv. In mutum biyu suka rage, mai faifai ke yin ƙaramin zubi, ɗayan ya yi babba, wannan kowa ya sani. Na ce, Voula, babban zubi.

Ta ce, "Yanzun nan na yi shi."

Na ce zuba.

Ta ce, "Glenys, ni na yi na baya. Wannan na Merv ne. Faifan nawa ne."

Mutum wajen ashirin a tsaye a kanmu, har da baƙon nan na makon jiya. Na ce shekara nawa nake wannan aiki? Ta ce ko ɗari ce, ita dai ta yi babban zubi yanzun nan. Sai ta kai hannu kan faifan Ron.

Shi ne na ce, "Ke da ba kya ganin katin da ke hannunki, ke za ki nuna min inda faifai yake?"

Ta janye hannunta. Ta zuba, kusan rabin abin da ya rage mata. Merv ya tura nasa duka, ta bi shi da katin tara da na huɗu, don ba abin da ya rage da za ta tsaya karewa. Da na buɗe katunan tsakiya na fara faɗarsu da ƙarfi yadda na saba, sai ta ce a hankali, "Bari. Yanzu kowa ya san don wa kike yi."

Merv ya ci da katin sarki. Ta yi masa barka, ta ɗauki jakarta ta fita. Ta bar tiren burodinta a kan taga.

Ni dai a kan doka nake. Maganar kuɓuce min ta yi, amma ita ta ja. Ta san ba a taɓa min faifai.

Litinin, 5 ga Yuni

Ban fita ba. Na wanke tiren.

Laraba, 7 ga Yuni

Na ɗora ruwa ƙarfe biyu. Na sake ɗorawa biyu da rabi. Ƙarfe uku na shanye shayina na mayar da ɗaya kofin. Voula fushi take, za ta huce. Ta taɓa yin kwana goma ba ta yi min magana ba don na ce zaitun ɗinta gishiri ya yi masa yawa. Kuma ya yi yawan.

Asabar, 10 ga Yuni

'Yata Leanne ta kira daga Perth. Na ba ta labari tiryan-tiryan. Ta ce, "Mama, kin ba ta haƙuri?" Na ce na me? Sai ta ce, "To shi ke nan, Mama," da muryar nan tata da take wa yaranta magana in ta gaji. 'Yar da na haifa. Ta ce za ta kai su wasan ƙwallo, sai wani satin.

Lahadi, 11 ga Yuni

Sabon zango. Mutum goma sha shida. Kujerar Voula ta kusa da taga ba wanda ya zauna a kai, Dezzy ya gwammace ya jawo ta roba daga waje. Kowa sai ladabi yake min. Sannu Glenys, na gode Glenys. Ba wanda ya ce Alƙaliya. Ashe ita kaɗai ke faɗa, ban taɓa lura ba.

Na kama kaina ina faɗar katunan tsakiya da ƙarfi. Sai na daina.

Talata, 13 ga Yuni

Da abin na tashi a raina. Bayan karin kumallo na ɗauko kofuna uku na jera a teburin kicin: mai fure shi ne Dezzy, mai tsaga shi ne Merv, shuɗin da Voula ke shan shayi da shi ita ce. Na ɗauko faifan. Wai don in ta huce ta zo in yi mata bayani dalla-dalla, ta ga ba son kai na yi ba.

Na ajiye faifai gaban mai fure, ƙwayar sukari ɗaya gaban mai tsaga, biyu gaban shuɗi. Na kife mai fure. Na tura faifai hagu. Sai ga sukari biyu sun sake komawa gaban shuɗi.

Na wargaza na sake jerawa. Sau biyar.

Babban zubi ake bi, ba faifai ba. Da bakina na faɗa wa baƙo mako biyu da suka wuce, ina ta hura hanci. In uku suka koma biyu, babban zubi ya kamata ya wuce kan Merv, faifai ya tsallaka gaban Voula ta yi ƙarami. Hannuna ne ya saba tura faifai hagu, ya tura, ni kuma na bi hannuna. Sau uku ta faɗa min. Matar da na ce ba ta gani.

Ko da an yi daidai wataƙila Merv ne zai ci, kwandalolinsa sun ninka nata. Na rubuta wannan, na karanta, ban ji wani sauƙi ba.

Kofunan na nan a tebur har yanzu. Tururuwa sun sami sukarin.

Laraba, 14 ga Yuni

Na kira Voula sau biyu. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Juma'a, 16 ga Yuni

Na haɗu da Merv a wurin mahauci. Na ja shi gefe, na ce, Merv, ranar nan na yi kuskure a faifai.

Ya ce, "Eh to."

Na ce eh to kamar yaya? Ka sani?

"Kowa ya sani, Glenys. Dezzy ma yana tsaye yana gani."

Na ce to me ya hana ku buɗe baki, kuna tsaye kamar shanu? Ya sosa ƙeya ya ce, "Wa zai ja da ke? Voula kaɗai ke iyawa, kin kuwa ga yadda ta ƙare."

Na so in zazzaga masa. Mutum ya ci kujera da kuskuren wani ya yi gum da bakinsa. Amma ya riga ni. Ya ce washegari ya kira Voula ya ce ta karɓi kujerar, ko su sake bugawa su biyu. Ta ce ya je ya ciwo wa garin, ita ba ta karɓar sadaka.

Sai kuma ya ce, "Kin ji Manoli ya zo daga Melbourne?" Ban ji ba. Matar Dezzy ce ta faɗa wa wata zancen idon, wata ta faɗa wa matar Manoli a waya. Ya zo ranar Asabar, ya kai ta wurin likita da kansa, ya tafi da makullin mota a aljihunsa.

Na fito ban sayi naman ba.

A hanya na yi ta gaya wa kaina ai dama bai kamata ta riƙa tuƙi ba, wata rana da ta take wani a titi. Gaskiya ne. Amma ba don wannan na faɗa ba, kuma na sani.

Lahadi, 18 ga Yuni

An yi wasa. Trish ta ci tiren nama a cacar tikiti ta kulob, ta raba wa mutane tsiran da ke ciki, ta ba ni huɗu. Wa zai ci huɗu?

Laraba, 21 ga Yuni

Na je gonar Voula. Na ce wa kaina tire zan mayar.

Motarta na ƙarƙashin rumfa an lulluɓe ta da tamfal, an ɗora bulo a kusurwoyi. Ita kuma tana baranda da baƙin rigar sanyinta, tana ɓare lemo a kwano ba ta ko kallon hannunta. Ina taku biyar daga gare ta ta ce, "Wane ne?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Glenys." Haka kawai.

Na ajiye tiren. Na ce faifan naki ne ranar nan, babban zubi na Merv ne, na gwada da kofuna.

"Da kofuna."

Na ce eh, sau biyar.

Ta ce, "Na sani ai. Ina wurin."

Na ce to na zo ne in faɗa. Ta ce na faɗa. Ta ci gaba da ɓare lemonta. Karenta ya zo ya shinshina takalmina ya koma. Can ta ce, "Kin yi tafiyar kilomita goma sha huɗu ki yi min zancen katako?"

Na buɗe baki. Ɗaya maganar, ta idonta, ta ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne wai an ce za a yi ƙanƙara gobe da asuba, ta shigar da tukwanen furenta ciki.

Ta ce, "Mutum ɗaya na faɗa wa zancen idona a duniya."

Shekara ashirin ina zuwa gidan nan, ba ta taɓa barina na tafi ba ta ɗura min gahawarta mai ɗaci ba. Yau ko kujera ba ta nuna min ba. Na tsaya a bakin kogi a hanyar dawowa, na yi kuka a cikin mota kamar wata sakarai. Ina da shekara sittin da takwas.

Alhamis, 22 ga Yuni

An yi ƙanƙarar. Nawa furannin na manta ban shigar ba.

Lahadi, 25 ga Yuni

Mutum goma sha takwas. Sau biyu aka fitar da mutum a ƙaramin zubi, sau biyu na bar faifai a gaban kujerar da ba kowa, daidai da doka. Ba wanda ya tambaye ni dalili. Da ma wani ya tambaya.

Talata, 27 ga Yuni

Ina share ɗakin ajiya na ga tsohuwar hular Ron, sai na tuna wata al'adarsa. In ya yi kuskure a tebur sai ya ɗauki cokali ya buga a jikin kofi, kowa ya tsaya, ya ce, "Jama'a, na tafka." A yi masa ihu, Voula ta ce a kore shi daga gari, a gyara a ci gaba. Kusan kowane wata sai ya buga cokalin nan. Ni nakan ji kunya a madadinsa, in ce a gida, mutum ya riƙa zubar da girmansa a gaban jama'a.

Shekara biyar ina riƙe da wasan ni kaɗai, ban taɓa buga cokali ba. Na ɗauka don ban taɓa yin kuskure ba ne.

Lokacin Ron mukan kai mutum arba'in.

Lahadi, 2 ga Yuli

Na buga cokalin.

Kafin a fara rabo na karɓi cokali a wurin Trish na buga a kofi. Tsofaffin cikinmu suka juyo da sauri, sun gane ƙarar. Na ce ranar huɗu ga Yuni na sa Voula ta yi babban zubi sau biyu a jere, ita ke da gaskiya, ni na tafka. Dezzy ya ce, "Haba Glenys, ai ya wuce." Na ce rufe min baki ban gama ba. Na ce abin da na faɗa a kan idonta amana ce ta ba ni, ni kuma na zubar a tebur don kar a ga an ƙure ni. Na ce daga yau duk wanda ya ga na kauce ya yi magana, in ya yi shiru shi ma da laifinsa.

Ba wanda ya yi ihu. Ba wanda ya ce a kore ni daga gari. Suka yi ta kallon kwandalolinsu. Merv ya yi tari ya ce to a raba kati mana.

Na faɗa wa mutum goma sha tara abin da na kasa faɗa wa mutum ɗaya. Wannan ma ai wani gudun ne.

Alhamis, 6 ga Yuli

Na bar wa Voula saƙo a waya. Na ce kowace Lahadi ƙarfe sha biyu zan tsaya a ƙofar gona, ba dole sai ta fito ba. Na so in ƙara wani abu, na'urar ta katse ni.

Lahadi, 9 ga Yuli

Sha biyu ina ƙofar gona. Na danna hon sau ɗaya. Na jira har sha biyu da rabi. Hayaƙi na fita ta saman rufi, tana ciki. Na makara a kulob da minti goma, karo na farko a shekara goma sha ɗaya. Trish ta dube ni ta dubi agogo.

Laraba, 12 ga Yuli

Laraba ce mai wuya. Lahadi ko ba komai akwai hayaniya. Na fito da kayan kabad duka na goge na mayar, ƙarfe uku bai yi ba.

Lahadi, 16 ga Yuli

Karen ne ya fito. Ya zauna kusa da mota muka yi jiran tare.

A kulob baƙon nan mai tsinkar lemo ya ce min na ba wani kati uku maimakon biyu. Jinina ya hau har kunne. Na duba, uku ne. Na ce na gode. Ya tsorata fiye da in zaginsa na yi.

Lahadi, 23 ga Yuli

Yau na fito daga motar. Na taka har baranda. Ƙofa a rufe, rediyo na magana da yaren su Voula a ciki. Ban ƙwanƙwasa ba. Na tsaya na yi wa ƙofar magana.

Na ce, Voula, na ci amanarki. Ba kuɓucewa ba ce, na san inda zai yi miki ciwo shi ya sa na soka can. Ni na raba ki da motarki, ni na raba ki da Adelaide. Ba ni da abin da zan mayar miki da shi. Kuma gidana ya yi min faɗi.

An rage muryar rediyon ina tsakiyar magana. Da na gama aka mayar da ita yadda take.

Na koma mota.

Laraba, 26 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ba komai.

Lahadi, 30 ga Yuli

Voula na ƙofar gona a tsaye da baƙin rigar sanyinta da jaka, tun kafin in iso. Na buɗe mata ƙofa, ta laluba ta shiga. Mun wuce gonaki uku kafin ta ce, "Ban yafe ba. Zaman gidan ne ya ishe ni." Na ce na ji. Ta ce kuma tuƙina har yanzu kamar na mai kai gawa. Na ce na ji wannan ma.

Ba ta yi wasa ba. Ko ta gefen ido katin ya daina fito mata, cikin wata biyun nan abin ya yi sauri. Dezzy ya tashi zai ba ta kujerar taga, ta ce ya zauna, taga me za ta yi mata? Ta jawo kujera ta zauna a damana. Merv ya zo gaishe ta yana ta murza hula, ta ce in ya je Adelaide ya ci kifi a bakin teku a madadinta, in kuma ya bari aka fitar da shi a zagayen farko kar ya dawo garin nan.

Duk yinin ba ta yi min magana ba, amma ina jin leɓenta na motsi. Bin zubi take da ka, kujera bayan kujera.

A tebur na ƙarshe aka rage uku, aka fitar da mai faifai. Irin ta ranar nan sak. Hannuna har ya tashi. Na san amsar, na gwada da kofuna sau biyar. Amma sai na ji na ce, Voula, ina ya nufa?

Ba ta ko juyo ba ta ce, "Wanda ya yi babba yanzu, faifai nasa. Ɗayan ya zuba babba. Sai an koya miki komai, Alƙaliya?"

Na sa mata faifan a hannu, ta laluba gefen tebur ta ajiye shi inda ya dace. Har aka tashi ita ke matsar da shi. Kafaɗata ce ke ciwo kwanan nan, miƙa hannu na yi min wuya, shi ya sa.

Na sauke ta a ƙofar baranda. Ba ta ce in shigo ba. Ba ta yi zancen Laraba ba, ni ma ban yi ba.

Sai da na iso gida na zo goge faifan na ga ba ya aljihun jaka. Na tuna na ga ta jefa shi a tata jakar da aka tashi. Na gani sarai lokacin, ban dai yi magana ba. Dole in je ɗauko shi ranar Lahadi, ba a wasa ba faifai.

Ko in je Laraba, kar ya ɓata.